Gyare a Kunnen Makanike

Shekara talatin da ɗaya a Panteka,
kunne na sayar, ba ƙarfi ba.
Mota tana tahowa tun daga bakin titi
zan ce wa Ɗanliti, "Ɗauko sufana sha biyu,
bawul ne ke kuka."
Kafin direba ya zare makulli
na gama faɗa masa ciwon motarsa.

Nawa ciwon da ya tashi zuwa, bai yi ƙara ba.
Ƙullutu ne a wuya, kamar ƙwallon goruba.
Wata bakwai ina cewa kaluluwa ce.

A Shika aka kira shi da sunansa: daji.
Sista Rifkatu ta rataye leda a sanda,
ruwa garau, kai ka ce daga randa,
yana ɗiga ɗis, ɗis, cikin jijiya.
Ta ce, "Baba Sallau, wannan soja ne,
amma ba ya tambayar gidan wa ya shiga."
Na yi dariya.
Ashe ba wasa take yi ba.

Da ciki ya fara.
Tsakanin Shika da Kawo
sau huɗu na sa aka tsaya in amayar da babu.
Miyar kukar Hansatu,
wadda na sani tun muna ɗaki ɗaya a Tudun Wada,
ta koma ɗanɗanon tsohuwar ƙusa.
Na ce babu gishiri. Ta ce sau biyu ta zuba.

Aka yi wa wuyan gashi,
gashin gemu ya watse a kan darduma,
yawu ya ƙafe, loma sai da kurɓin ruwa.
Wata biyar ban taɓa baƙin mai ba,
amma faratana sun fi na Ɗanliti baƙi.
Yatsu suka mace, noti ya suɓuce
ban sani ba sai da na gan shi a ƙasa.

Duk wannan na yafe.

Kanarin maƙwabci ne ya fara yin shiru,
har na je yi wa mai shi jaje.
Ga tsuntsu a keji, baki buɗe, maƙogwaro na rawa.
Sai muryar jikata Nusaiba ta sirance
kamar zaren da allura ta saki.
Tana ba ni labarin makaranta,
ina gyaɗa kai inda bai dace ba,
ta ce, "Kaka, ba ka so ne?"
Wannan kam a leɓenta na karanta.

Da kowa ya fita, gyare ya tare.
Ba haya, ba sallama,
dare da rana kuka ɗaya, ba ya canza giya.
Asuba yanzu ba daga lasifika take zuwa ba,
daga yatsan Hansatu take zuwa, a tafin ƙafata.

Ran da aka sake hoto,
likita ya rubuta a bayan kati:
Ƙullutun ya tafi.
Na yi hamdala, na nuna masa kunne.
Ya daɗe yana juya biro,
sannan ya ƙara layi: Da wuya ya dawo.
Kuɗin na'urar ji kuwa
ya kai na inji ɗan Beljiyam.

Jiya na koma Panteka.
Guduma na sauka a kan ƙarfe
kamar ana daka a wata unguwa.
Wata tsohuwar Golf ta gagari yaran tun safe.
Na karɓi doguwar sukundireba,
na ɗora bakinta a kan inji,
na danne ƙotar da haƙora.
Karkarwa ta bi muƙamuƙi ta hau kai:
uku suna tafiya, ɗaya yana ɗingishi.
Na ɗaga yatsu huɗu.

Ɗanliti ya kwance fulogi na huɗu,
ya ɗago shi, baƙi ƙirin.
Bakinsa ya motsa, yaran suka dara.
Ban ji abin da ya ce ba.
Na ce a wanke shi da fetur tukuna,
kada a ɗora wa mutum kuɗin sabo.