Matakala Goma Sha Uku

Benen gidan nan na Sheffield matakala goma sha uku ne.
Shekara arba'in ina hawa, ban taɓa ƙirgawa ba,
sai bara, da gwiwa ta fara yi mini lissafi.
Ta bakwai tana kuka in an taka ta.
A ta tara nake tsayawa,
in yi kamar hoton Lantana nake dubawa a bango,
alhali numfashi nake jira ya cim mini.

Ƙarfe takwas Rutendo ke ƙwanƙwasa ƙofa,
yarinya 'yar Zimbabwe, da jakarta da safar hannu.
Ran farko cewa na yi ta koma.
Ni da na yi wa mamata wanka a masallacin unguwa,
ba a haifi wadda za ta cuɗa mini baya ba.
Ba ta ja da ni ba. Ta dafa shayi, ta zauna,
ta ba ni labarin kakanta, mai awaki da taurin kai.
Yanzu ita ke sa mini safa,
ni kuma in kau da kai wajen taga,
in bar kunya tana ƙirga motoci.

Balaraba ta kawo akwatin magani mai ɗaki bakwai,
kowace rana da ƙofarta, kamar gidan haya.
Ta ɓoye gishiri. Ta ɓoye dunƙule.
Likita ne ya ce, in ji ta.
Na ce likita bai taɓa shan miyar kuka lami ba.
Ta yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa,
sai na shanye, har na suɗe kwano.
Wadda na ɗauka a kafaɗa zuwa kallon agwagi
ita ce yau ke duba ko na ɗaure igiyar takalmi.

Da hantsi, in sama ta yi mana rangwame,
Clifford na gida mai lamba ashirin da biyu yakan fito.
Ya ba ni shekara shida, kunnensa ɗaya ya yi ritaya.
Mu gangara lambun haya, ƙafa huɗu, sanda biyu.
Shi kabeji da dankali yake sawa.
Ni kuwa damina uku ina lallashin yakuwa
ta yarda da ƙasar nan, tana ƙi.
Bana ta fid da ganye biyar.
Clifford ya cire hula ya gaishe ta.

Ba ma yawan magana.
Ya san ranar da Lantana ta tafi, na san ta matarsa.
In ranar ta zagayo, ɗaya ya riƙe wa ɗaya butar ban-ruwa.

A Kazaure tsoho ba ya cin tuwo shi kaɗai,
inda kowa zai ratsa ya gaisa ake yi masa shimfiɗa.
Nan kuwa maɓalli aka rataya mini a wuya,
wai in na faɗi in danna, wata murya za ta amsa.
Na taɓa dannawa da gangan, wani daren sanyi,
na ce kuskure ne.
Ta ce ba komai, ka ci abinci?
Muka yi minti huɗu.

Jiya Balaraba ta zo da takarda mai hoton kujera,
irin wadda ke hawa bene da mutum yana zaune kamar ƙunshin kaya.
Na ce a ajiye tukuna.
Ba girman kai ba ne, 'yata.
Ƙafa, in ka sallame ta, ba ta dawowa aiki.
Ranar da ta gaza, da bakina zan faɗa.
Na yi mata wannan alkawari, hannuna cikin nata.

Yanzu an yi isha'i. Na kashe fitilar falo.
Bismillah, ɗaya. Biyu.
Ta bakwai ta yi kukanta.
Ta tara: sannu, Lantana,
yakuwa ta yi ganye biyar.

Saura huɗu.