Abin da Reza Ta Gani

A kudancin Chile, gab da Osorno,
inda dutse ke sanye da farar hula ko da tsakar rani,
Eduvigis Catrileo tana da reza guda,
da farin faranti,
da littafin da gefensa ya rine da shuɗi.
Aikinta tsaga bulubari gida biyu
ta leƙa abin da fata ta rufe.

Shekara goma sha tara ta yi tana tsinka da hannu
kafin gwiwa ta ce ta gaji.
Ba a fizga, ba a matsa.
Babban yatsa ke murzawa a hankali
kamar mai share wa jinjiri kwantsa,
sai ɗan ya saki reshe don kansa,
ya sauka a tafi da hodarsa a jiki,
farar hodar nan da aka haife shi da ita
don ruwa ya zame, cuta ta rasa ƙofa.

Bana Don Evaristo ya kawo inji.
Dogo, yana tafe a tattale,
ya haɗiye layi guda a cikinsa,
sanduna na kaɗa rassa
sai ka ce masassara ta kama gonar.
Abin da mutum arba'in ke yi daga asuba zuwa la'asar
Nibaldo ya gama shi kaɗai
shayinsa bai huce ba.

Ba ta zagi injin ba.
Masu tsinka sun bi inda kuɗi ya fi tsoka,
nunanne kuwa ba ya jiran kowa.

Sai dai ta ji ƙarar faɗuwa.
Daga reshe zuwa farantin ƙarfe, kamu biyu.
Daga faranti zuwa bel.
Daga bel zuwa akwati.
Faɗuwa uku, kowace da bashinta.

Da yamma duk sumul suke, ba tabo.
Ta ware ɗari, ta bar su su kwana.
Da safe reza ta ba da shaida:
na hannu cikinsu garau, tsanwa-tsanwa,
na inji, talatin da ɗaya jini ya kwanta musu,
naman ya yi duhu, ya saki,
fatar kuwa tana ta murmushi.

Kwana ashirin da shida jirgi na teku.
Can cikin sanyi da duhu,
ta inda tsinke ya yage, ɗigon zaƙi ya tsatso,
funfuna ta sansano, ta shimfiɗa tabarma,
ta yi furfura, ta miƙa wa maƙwabci hannu.
Wake ɗaya ke ɓata gari.
Hoto ya iso daga Rotterdam a wayar maigida,
ya daɗe yana kallo, hularsa a hannu.

Ran Asabar ta zo da tsohuwar katifar jikanta.
Ita da Nibaldo suka yanka soson falle-falle,
suka lulluɓe ƙarfen duk inda ɗa zai faɗi.
Ta ce masa, rage gudu,
bari raɓa ta bushe, amma kada rana ta take,
kai su ɗakin sanyi kafin ka ci abinci.
Ya yi gunaguni. Ya yi yadda ta ce.

Reza ta sake ƙirga: goma sha biyu.
Ta rubuta lambar, ba ta ja layi a ƙasa ba.
Goma sha biyu ma 'ya'ya ne.

Ta ɗauki rabin da ya fi duhu ta sa a baki.
Zaƙi har kunne.
Yau lafiyarsa ƙalau,
tafiya ce ba zai iya ba.

A motar komawa gida ta dafe gwiwa,
tana duban fuskokin da ke gyangyaɗi a jikin taga,
kowa sumul, kowa da hodarsa,
ba ta san sau nawa kowa ya faɗi ba.