Na Talatin da Ɗaya

A aljihun rigar aikin Baba,
ƙarƙashin busasshen ganyen koka da ragowar ashana,
na tsinci katin.
Ya yi laushi kamar tsumma don yawan taɓawa.
Eusebio Colque, mahaƙi, Potosí.
Ɗan gwaji na talatin da ɗaya.
Daga ƙasa, wata doguwar lamba da jan biro.

Shekara biyu yana bin motar asuba
zuwa asibitin gindin dutse.
A ce hura, ya hura.
A ce haɗiye, ya haɗiye.
Magani ne a kwalbar ko garin sukari, bai sani ba,
an faɗa masa tun farko, ya kuma sa hannu.
Ya ce, ƙura ta riga ta cinye nawa huhun,
a auna da shi, ko na yara zai tsira.

Mun binne shi a Yuni, cikin sanyi mai tsaga leɓe.

A shagon intanet na Doña Felisa,
boliviano uku awa ɗaya,
na buɗe rumbun rajistar gwaje-gwajen magani,
wanda aka ce ba shi da mai gadi.
Na buga lambar. Na yi kuskure. Na sake.

Ga shi.
Sunan binciken, dogo, da yaren likitoci.
Mutum nawa: tamanin da huɗu.
Abin aunawa: iskar da ƙirji ke fitarwa a daƙiƙa guda.
Ranar farawa, akwai.
Ranar gamawa, akwai.
Sakamako:

Na ja shafin ƙasa, na ja sama.
Na kira Doña Felisa, ko laifin na'ura ne.
Ta gyara tabarau, ta ce, 'yata, ba komai a wurin.
Fili fari fat, kamar gishirin Uyuni.

Mutum tamanin da huɗu sun hura.
Ina iskar ta tafi?

A gindin shafin akwai suna:
Dakta Herminia Tapia.
Wasiƙa uku na aika. Ta huɗun ni ce da kaina,
a ƙofarta a Sucre, da katin a hannu.

Ta tsufa. Ta zuba mini shayi.
Ta daɗe tana juya katin.
Ta ce, bai yi aiki ba.
Maganin da sukarin, jirgi ɗaya ya kwaso su.
Mujallu ba sa son labarin abin da bai yi ba,
kuɗi suka ƙare, kunya ta rufe ni,
na zuba takardun a kwali.

Na ce, Dakta, a ramin haƙa,
in mutum ya bi wata hanya ya tarar ba azurfa,
ko ya ji rufi na zubar da tsakuwa,
yakan shafa fenti a bakin hanyar.
Ba ya cin ko kwabo a kai.
Don na baya yake yi.

Ba ta amsa ba.
Can ta nuna kan kabad, ta turo kujera,
ta ce, ke ce mai ƙafa, hau ki sauko da shi.

Kwana tara muka yi.
Ta manta kalmar sirri, sai da aka aiko sabuwa.
Ina karanto jimla, tana bugawa da yatsa biyu.
Sau biyu rumbun ya dawo mana da aikin:
lissafi bai cika ba,
mutum shida da suka janye, ina dalili?
Ta rufe ido, ta tuno su ɗaya ɗaya.
A na biyar ta tashi ta tsaya bakin taga.

Ba sunan Baba a ciki, ba a sa suna.
Yana cikin arba'in da biyun layin hagu,
ko na dama. Ban tambaya ba.

Yanzu filin ya cika da ƙananan lambobi.
In wata likita, a wani garin mai ramuka,
ta buɗe da tsakar dare tana neman abin gwadawa,
za ta ga fentin.

Katin na mayar aljihun rigar.
Ganyen kokar ma ban zubar ba.