Darasin Asabar a Gindin Kagara

Eirlys ta ce kada in fara da yaƙi.
"Fara da tudun," in ji ta.
"Dutse ya riga mahara zuwa, kuma shi ya ga tafiyarsu."

Muna zaune kan jiƙaƙƙiyar ciyawa a arewacin Wales,
tumaki na kiwo cikin gwalalon
da a dā maza ke faɗawa da sulkensu.
Shekara talatin ina raba wasiƙu a garin nan,
kullum ta gefen kangon nake bi,
ban taɓa ƙidaya hasumiyoyinsa ba.
Ashe huɗu ne. Ɗaya ta gutsure kamar tsohon haƙori.

"Sassauta hannu, Gethin, ba wanda zai ƙwace fensirin.
Akwati da gwangwani, su ke nan kagara,
sauran duk ado ne.
Tsuguna ka dube ta daga ƙasa,
ganuwar ta hau kanka
yadda ta hau kan wanda aka ba tsani aka ce je ka."

Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara.

Na shiga jera duwatsu ɗaya bayan ɗaya,
ta dafe min takarda da yatsa.
"Kai ba magini ba ne.
Uku nan, biyar can kusa da kusurwa,
idon mai kallo zai ƙarasa ginin kyauta.
Sai ka zaɓa wa rana gefe guda, ka riƙe alkawari,
kada inuwa ta yi maka baki biyu."

Sannan ta ba ni izinin ɓarna.

Komai na kagara a tsaye yake ko a kwance,
shi kuwa hari a karkace yake zuwa:
tsani ya jingina, mashi ya sunkuya,
gungumen fasa ƙofa ya miƙa wuya kamar rago,
kibau su yi baka a sama, kada a ja su da rula.
Mutanen nesa ɗigo ne da ɗan ƙyallin kwalkwali,
na kusa kaɗai ke da gwiwar hannu.
Ta murza gawayi da babban yatsa, hayaƙi ya tashi.
Wuta fa? na tambaya.
"Wuta ita ce inda ka bar takarda fara.
Baƙanta kewayenta, za ta ci da kanta."

Na zuba mahara arba'in a gindin ganuwa,
na jera maharba a kan badala,
ɗaya na goge shi sau uku,
har yanzu ga gurbinsa, ya ƙi barin aiki.

Ta sha shayinta daga murfin fulas,
ta karkata kai, ta nuna can ƙasa ta hagu,
wata 'yar ƙofa da ko ni ban san yaushe na buɗe ta ba.
Wani ɗan mutum ya fito a duƙe,
ba takobi, ba garkuwa,
jaka ce kawai rataye a kafaɗarsa.

"Wannan fa?"
Na ce ai dole wani ya kai labari.
"Ƙafafunsa sun yi tsawo."
Na ce zai buƙace su.

Yayyafi ya sauko daga wajen teku,
ɗigo biyu suka faɗa cikin hayaƙina,
ya bazu, ya fi wanda na yi kyau.
Eirlys ta tura littafin cikin rigar ruwanta.
Tumakin ko kai ba su ɗaga ba.