Inshorar Ɗakin Ƙanƙara

Ina da ɗaki a Farin Gada,
ba gado a ciki, ba tabarma,
katan ɗari uku na kifi ke kwance,
idanu buɗe, ba sa kallon kowa.
Sun taso daga tekun da ban taɓa gani ba,
suka ƙare a Jos, cikin ƙanƙara.

Baƙi in sun zo sai su yi dariya:
Gari da sanyi haka, Ɗantani,
har sai ka sayi wani sanyin da kuɗi?
Nakan ce na Allah da hantsi yake tafiya,
nawa kuwa dizal yake sha,
jarka biyu kafin la'asar ta fara.

Bara taransifoma ta buga da daddare,
janareta ya yi tari uku, ya bi ta.
Kwana huɗu ina neman bakanike.
Ran na biyar ruwa ja ya biyo ƙasan ƙofa,
ƙudajen unguwa suka zo gaisuwa.
Mu shida muka haƙa rami bayan kasuwa,
na binne jarina da shebur ɗin aro,
ba wanda ya ce a yi sallar asara.

Ran Talata Kaneng ta zo da jakarta,
jar rigar sanyi, biro a hannu.
Ta shiga, ta fito tana hura yatsu,
ta ƙwanƙwasa bango, ta bi waya da ido,
ta ce soket ɗin nan ya yi baƙi,
ba na sa hannu sai an gyara.

Shekarar injin nawa?
Na ce ya girmi ɗana Sagiru.
Akwai mai gadi?
Na ce akwai Baba Gyang, da tocila, da tari.
Ta rubuta tocilar.
To, nawa ne kuɗin abin da ke ciki?
Na dubi hanya, na dubi takalmina,
adadin da ko uwargida ban faɗa wa ba
na raɗa wa baƙuwa, ta zuba a takarda,
sifili na bin sifili kamar 'yan tsaki a shara.

Yayana Tanimu ya ce caca ce.
Ka biya kuɗi don abin da bai faru ba?
Ina tawakkalinka?
Na ce Yaya, kwaɗo nawa ne a shagonka?
Ya ce uku.
Muka yi shiru, muka sha shayinmu,
bai yarda ba, ni ma ban ƙara.

Takardar ta ce gobara nasu ce,
ɓarawo nasu, in ya fasa ƙofa,
ambaliya nasu, iska mai yaye kwano tasu.
Ɗaukewar wuta fa?
Kaneng ta juya shafi na bakwai,
inda rubutu ya ƙanƙance kamar ƙwan kifi:
sai ta yi kwana da wuni cur,
sai in na nuna rasit ɗin mai,
sai na ƙara kaza a kan na shekara.

Na ƙara.
Na sa hannu, biro ya daskare,
sai da na hura masa numfashi
kamar mai tashin wuta a kara.

Yanzu takardar tana cikin leda,
ledar cikin gwangwanin madara,
gwangwanin ƙarƙashin gadona.
Duk da haka ƙarfe biyun dare
nakan buga wa Baba Gyang waya:
kara mini a jikin bango in ji.
In injin na gurnani, sai barci ya zo.

Jiya hadari ya taso daga Naraguta,
ya zubo ta kan kwano, fara fat, kamar tsakuwa.
Yara na tsinta suna jefa wa baki.
Na tsaya a ƙofar ɗakin da nake wa dizal,
ina kallon yadda sama ke rabon ta kyauta,
ba mita, ba rasit, ba inshora.
Kafin in kira Sagiru ya kawo bokiti
ta narke. Ta bar mini tawa ƙanƙara.