Askin Dare a Ɗakin Maza

Ƙarfe biyu na dare a asibitin Daura,
janareta ya yi tari sau biyu ya ɗauke.
Fitilar wayata na tsakanin haƙorana,
ina laluben jijiya a hannun Baba Ɗan'azumi,
gado na sha ɗaya, gefen tagar da ba ta rufuwa.

A takarda an rubuta: ciwon suga, gyambo a ƙafar hagu,
shekara saba'in da 'yan kai.
Takarda ba ta ce wanzami ne ba.
Ba ta ce rabin mazan Sandamu
a ƙarƙashin askarsa suka sunkuyar da kai ba,
balle jariran da ya yi wa askin suna
har suka girma suka kawo masa nasu.

Kwana tara ina wanke masa ƙafa.
Wari kan tsayar da 'yan dubiya a baranda,
su miƙo kwanon fura, su gaisa daga bakin ƙofa.
Shi kuwa sai ya juya fuska ga bango.
Na san zafi, zafi yana da sauti.
Wannan shirun kunya ce.

Daren nan ya kama hannun rigata.
"Lurwanu, gobe za su yanke ta, ko?"
Na ce, "Gobe ne, Baba, in Allah ya kai mu."
Ban ce masa ba komai ba, don da komai.
Ya shafa haɓa, furfura ta yi tsiri-tsiri
kamar gonar gero bayan girbi.
"Shekara hamsin ban kwana da wannan ƙazanta ba.
Haka zan shiga gaban likita,
kamar wanda ba shi da kowa?"

A makaranta an koya mana allura,
awon jini, lissafin ɗigon ruwa.
Ba wanda ya ce akwai daren da magani
zai kasance cikin zabira, ƙarƙashin matashi.

Na ɗumama ruwa a butar shayinmu,
na murza sabulu, na buɗe askar.
Hannun da ba ya rawa a kan jijiyar jariri
sai ga shi yana kyarma.
"Kai, yaro! Fartanya ka riƙe?
Kwantar da ita. Ja fatar da babban yatsa.
Bi gashi inda ya kwanta, kada ka yi gardama da shi."
Mai gado na sha biyu, da ya wuni yana nishi,
ya tashi zaune yana dariya, yana dafe da ɗinkinsa.
Wani daga can ƙurya ya haska mana tocila.

Na yanke shi sau ɗaya, ƙarƙashin kunne.
Ya ce, "Na yafe. Ni ma da kan ƙanena na fara,
har yau da tabon yake zuwa masallaci."

Da na gama ya nemi madubi. Babu.
Na goge murfin kwanon auduga na miƙa masa.
Ya duba, ya daɗe yana dubawa,
ya gyara zaman hula, ya ce, "To, yanzu su zo."
Kafin kiran assalatu ya tsallako katanga
har ya fara minshari.

Na zauna rubuta rahoto:
zafin jiki kaza, bugun jini kaza, ya samu barci.
Na nemi layin da zan sa sauran, ban gani ba.

Wata huɗu ke nan.
Jiya jikansa ya same ni ina raba magani,
ya miƙo ƙunshin leda: dutsen wasa aska,
tsakiyarsa ta lotsa don tsufa.
Ya ce, "Baba na gaishe ka.
Yana aski a zaune yanzu, a ƙofar gida.
Wai a faɗa maka tun a asibiti ya lura
ƙeyarka ba a yi mata adalci ba.
Ka zo ranar Juma'a da hantsi,
kada ka taho da ko sisi."