Bakwai, Tara, Huɗu, Ɗaya

A Jidda aka haife ni, a lungun Hindawiyya,
inda zufa ke riga ladan tashi.
Ban taɓa ganin teku ba, amma na san shi:
gishiri ne a leɓe,
danshi ne a kan maɓallan na'urata.

Maɓalli takwas gare ta, da dogo guda na babban yatsa.
A ƙasansu layi ne na ƙananan tsinkaye
masu ɗagowa su kwanta,
kamar tsaki a ƙasan faifai.
Ustaza Nawal ce ta ɗora hannuna a kai, ta ce:
"Harafi mai sauƙin kai ne, Rumana.
Lamba ce baƙuwa.
Ba ta da ɗakin kanta, na harafi take ara,
don haka sai an yi mata sallama kafin ta shiga."

Sallamar ɗigo huɗu ce:
na uku a hagu, sai huɗu, biyar, shida a dama,
yatsu huɗu su faɗi tare kamar masu sujada.
In ka yi ta, a ya zama ɗaya, b ya zama biyu.
In ka manta, kuɗinka ya koma surutu.

Na sha wuya da sauran dangin.
Waƙafi ɗigo ɗaya ne, amma ya iya ɓuya.
Alamar kashi cikin ɗari ta cinye mini yammaci biyu.
Wannan a ɗin mai naɗe wutsiya, ta adireshin saƙo,
kowane tsari da inda ya ajiye ta,
yau tana nan, gobe ta yi ƙaura ba sallama.
Ranar da banki ya ce kalmar sirri sai da tauraro,
ni da ban san tauraro ba ko na sama,
sau uku ina laluben sa har suka rufe mini ƙofa.

To, daren Talata, bayan isha,
Baba ya dawo daga garejin Kilo Bakwai yana warin man birki.
Ya ce, "Ɗauko abar nan taki.
Gwaggonki Kuluwa ta sake layi."
Yana karantowa daga bayan takardar burodi,
fanka na kaɗa gefenta, ina bugawa.
Ya yi tari a tsakiya, na ba da tazara,
na ci gaba ban sake sallama ba.

Bakwai. Tara. Huɗu. Ɗaya.

Na mai da yatsa in duba.
Tsinkayen suka taso, suka ce: gida.

Na sake shafawa. G, i, d, a.
Ban ce komai ba.
Shekara ashirin da biyu ina jin kalmar nan a bakin manya,
ana cusa ta a akwati tare da dabino da darduma,
ana kuka da ita a filin jirgi.
Kakana ya baro Birniwa da ƙafa da jaki ɗaya,
jakin ya mutu a hanya, shi ya mutu a nan.
Ni ko ƙurarta ban taɓa shaƙa ba,
ga ta kwance a ƙarƙashin yatsana,
ba ta fi faɗin kwabo biyu ba.

Baba ya ce, "Kin rubuta?"
Na ce na rubuta.
"Karanto mu ji."
Na karanto masa lambobin, daidai, ɗaya bayan ɗaya.
Ya ce madalla, ya tafi wanka.

Na san gyaran: in koma baya gurbi huɗu,
in kifa yatsu huɗu, shi ke nan.
Gobe Ustaza za ta duba, za ta tsaya a wurin,
za ta ƙwanƙwasa tebur da zobenta.
Ta ƙwanƙwasa.
Na kashe na'urar, tsinkayen suka kwanta,
na bar ta a haka.